Amanar Ɗan Birkila

Cikin shekarar 1993 wata kwaleji da ke unguwar Hendon, a arewacin birnin Landan, ta ba wani tsoho takardar shaida, wai ya gama karatun share fage na aiki da kwamfuta, irin 'yar ƙaramar nan da a ke ɗorawa bisa tebur. Shekarunsa 87 a sa'an nan. Takardar ba wata mai daraja ba ce, irinta a ke ba kowane saurayi da ya zauna 'yan makonni ya koyi inda maɓallai su ke. Abin da ya sa ta isa a ba da labarinta shi ne sunan da aka rubuta a kanta, watau Tommy Flowers. Shekara 50 kafin wannan rana, mutumin nan shi ya tsara, ya kuma gina babban injin lissafi na farko da ya yi aiki da kwalaben lantarki fiye da dubu, kakan abin da ya zo koyo ke nan. Amma an hana shi faɗi, shi kuwa ya kame bakinsa har shekara 30.

An haife shi ran 22 ga Disamba, 1905, a Poplar, wata unguwar talakawa ta gabashin Landan kusa da tashar jiragen ruwa. Ubansa birkila ne. Yaron bai sami hanyar shiga manyan makarantun da 'ya'yan masu hali ke zuwa ba, sai ya tafi koyon sana'a a ma'aikatar ƙera makamai ta Woolwich. Da rana yana bakin inji, da dare yana ajin yamma na Jami'ar Landan, har ya sami digiri na aikin injiniyan lantarki. Cikin 1926 ya shiga aikin Gidan Waya, wanda a zamanin nan a Ingila shi ke riƙe da wasiƙu da tarho duka. Cikin 1930 aka mai da shi ɗakin bincike na Gidan Waya a Dollis Hill, bisa wani tudu a arewa maso yammacin Landan.

Aikin da aka ba shi can shi ne na ɗakunan haɗa tarho. A lokacin, in mutum ya buga lamba, waɗansu makunnai ne na ƙarfe masu maganaɗisu ke buɗewa da rufewa, ƙas-ƙas-ƙas, har su sada shi da wanda ya ke nema. Suna aiki daidai, amma abin da ke motsi da jikinsa yana da iyakar saurin da ba ya wucewa. Akwai kuwa wani abu dabam da a ke kira bawul, wata 'yar kwalba ce mai kama da ƙwan fitila, wadda aka zuƙe iskar cikinta, aka sa siririyar waya da ke yin ja in ta yi zafi. Waɗanda suka ga akwatunan rediyo na dā, masu sai an jira su ɗumama kafin su yi magana, sun san ta. Bawul na iya buɗe wa lantarki hanya ya rufe sau dubbai kafin ƙiftawar ido, domin ba abin da ke motsi a cikinsa. Aibinsa ɗaya, kowa ya san shi da saurin mutuwa. Saboda haka masana suka ɗauka cewa injin da aka tara wa bawul ɗari-ɗari ba zai yi yini guda yana aiki ba.

Flowers ya zauna da kwalaben nan shekara da shekaru, har ya lura da wani abu ƙarami. Bawul ba ya cika mutuwa yana tsakiyar aiki. Abin da ke kashe shi kunnawa da kashewa ne, wayar ta yi zafi ta huce, ta yi zafi ta huce, har ta tsinke. In aka kunna shi a hankali, aka bar shi yana ci dare da rana, sai ya daɗe ƙwarai. Ko ƙwan fitilar ɗaki ma galibi a lokacin kunnawa ya ke ƙonewa. Tun 1934 ya haɗa wani gwaji na tarho mai bawul tsakanin 3,000 da 4,000, kafin 1939 ta ƙare kuwa Gidan Waya ya fara aiki da shi a waɗansu layuka. Wannan sani ba a littafi ya same shi ba, a hannu ya same shi, kuma a duk Ingila kaɗan ne suka san shi. Saura kaɗan ma ya tafi da shi gidan fursunan Jamus, gama cikin Agusta 1939 yana Balin kan aiki, da ƙyar ya fito kafin a rufe iyaka.

Da yaƙin Hitila ya tashi, Turawan Ingila suka tara malaman lissafi da na harsuna a wani babban gida da a ke kira Bletchley Park, wajen mil 50 arewa maso yamma da Landan, don su riƙa warware saƙonnin asiri na Jamusawa. Labarin injin Enigma, wanda jiragen ruwa da ƙananan rundunoni ke aiki da shi, ya riga ya bazu duniya. Amma akwai wani inji da ya fi shi wuya, ƙirar kamfanin Lorenz, da shi hedkwatar sojan Jamus ke magana da manyan janar-janar nata a fagagen yaƙi. Saƙon da ya bi ta cikinsa ba na ƙaramin hafsa ba ne, shawarar manya ce, wani lokaci har da sa hannun Hitila kansa.

Ga yadda ya ke aiki. Akwai tafireta mai aika rubutu ta waya ko ta rediyo, wadda ke mai da kowane harafi alamomi biyar. In aka buga su bisa wani zirin takarda mai tsawo kamar igiya, sai a ga kowane harafi ya zama jeri mai gurbi biyar, kowane gurbi ko da huji ko babu. Injin Lorenz yana da faifai 12, kowanne da haƙora kewaye da bakinsa, waɗanda a ke iya tayarwa ko a kwantar, jimlarsu 501. Duk harafin da mai aikawa ya buga, sai fayafayan su juya su fito da wani harafi nasu, a gauraya biyun gurbi da gurbi bisa ƙa'ida ɗaya: in gurbi biyu sun yi daidai a bar wurin ba huji, in sun saɓa a huda. Abin da ya fita ba ya kama da maganar kowa. A can wancan gefe kuwa, in an daidaita fayafayan kamar na mai aikawa, aka sake gauraya harafin nan nasu, sai maganar asali ta komo sarai. Zaurance ne, amma irin wanda ƙa'idarsa ke sakewa a kan kowane harafi.

Gajiyar wani ma'aikaci ce ta fara buɗe ƙofa. Ran 30 ga Agusta, 1941, aka aika wani saƙo mai harafi kusan 4,000 daga Atina zuwa Biyana. Na can ya ce bai samu da kyau ba, a sake. Sai suka mai da fayafayansu inda suka fara, abin da doka ta hana, mai aikawa kuma da ya zo sakewa sai ya riƙa taƙaita kalmomi don ya huta. Masu saurare a Ingila suka kama duka biyun. Wani tsohon gwani, Kanar John Tiltman, ya jera su ya ɓare maganar daga jikinsu, ya fito da tsagwaron haruffan da injin ya ƙara. Aka miƙa wa wani saurayi ɗan shekara 24, Bill Tutte, ɗan mai aikin lambu, wanda ya yi karatu a Kambirij. Ya rubuta alamomin layi-layi bisa takarda, yana sake tsawon layin, har ya ga suna maimaita kansu bayan kowane 41. Daga nan ya gane akwai faifai mai haƙora 41. Da taimakon abokan aikinsa, kafin farkon 1942 ya wuce, sun zana injin duka, alhali ba wanda ya taɓa sa shi a ido. Kamar a miƙa wa mutum ƙyallen saƙi ne, shi kuwa bai taɓa ganin masaƙa ba, ya zauna ya zana ta da kowane itace nata.

To, sanin ƙirar kuba dabam, samun mabuɗin yau dabam. Kowane saƙo da inda a ke fara fayafayansa. Tutte ya sake gano wata dabara, wadda ba ta bukatar sanin ko kalma ɗaya ta saƙon, ƙirga ce kawai. A ɗauki faifai biyu na farko, mai haƙora 41 da mai 31, hanyoyin da za a iya fara su 1,271 ne. A gwada kowace hanya a kan saƙon tun daga farkonsa har ƙarshe, ana ƙirga sau nawa wata alama ta fito. In hanyar ba ita ba ce, lissafin zai tsaya kusa da rabi da rabi, kamar jefa kwabo sama. In ita ce, sai ya ɗan rinjaya gefe ɗaya, domin harshen mutane ba ya rabuwa da maimaici, injin ma yana da wani rauni da ke barin inuwar maimaicin nan ta leƙo. Dabarar ta yi, amma wa zai ƙirga? Saƙo mai harafi dubbai, a bi shi sau 1,271, kafin akawu ya gama da fensir janar ɗin da aka aika wa ya riga ya ci garin ko an ci shi.

Wani malamin lissafi na Kambirij, Max Newman, ya ce a yi inji. Aka yi wani mai zirin takarda biyu, ɗaya ɗauke da saƙon, ɗaya ɗauke da zanen haƙoran fayafayai, ana jan su tare a guje, idon lantarki na karantawa. Ya fara aiki cikin Yuni 1943. 'Yan matan da ke kula da shi suka sa masa suna Heath Robinson, sunan wani mai zanen barkwanci da ya shahara wajen zana injunan shirme. Sunan kuwa ya dace. Takarda na miƙewa in an ja ta, sai ziri ɗaya ya ɗan riga ɗaya, da zarar sun saɓa da harafi guda kuwa lissafin duka ya zama banza. Wani lokaci takardar ta tsinke, a koma liƙi.

Alan Turing ne ya nuna wa Newman Flowers, gama ya taɓa aiki da shi tun 1941 ya ga hannunsa. Tun Fabrairu 1943, ana cikin shirin injin nan mai ziri biyu, Flowers ya duba ya ce ba zai yi ƙarko ba. Shawararsa ita ce a jefar da ziri na biyu ɗungum, a sa bawul su riƙe zanen haƙoran a cikin injin, su riƙa fito da shi da lantarki daidai da gudun saƙon. In ziri ɗaya ne, ba abin da zai saɓa da wani. Aka tambaye shi bawul nawa, ya ce fiye da 1,500.

Nan fa aka yi tsaye. Mutanen Bletchley ba wawaye ba ne, kai, samun masu kaifin kai kamarsu a wuri ɗaya sai an tona. Abin da suka faɗa kuma yana bisa hanya: bawul na mutuwa, kaya na wuya a lokacin yaƙi, kafin a gama irin wannan gini ma watakila an gama yaƙin. Sai dai iliminsu na alli da allo ne, ba su kwana a ɗakin haɗa tarho suna duban wace kwalba ta mutu da wace sa'a ba. Shi kuwa mai shawarar ɗan birkila ne mai harshen gabashin Landan, a ƙasar da a ke auna mutum da yadda ya ke furta kalma. Suka ce za su ci gaba da nasu, in yana so ya yi nasa a can wurinsu. Shugaban Dollis Hill, Gordon Radley, shi ya tsaya masa, ya ba shi mutane da izinin ɗaukar kayan da ya ke so. Inda kaya suka gaza, Flowers ya sa hannu cikin aljihunsa.

Wata 11 suka yi suna aiki, shi da Sidney Broadhurst da William Chandler da waɗansu ƙalilan, galibin masu haɗa wayoyin ma ba a gaya musu abin da su ke haɗawa ba. Cikin Disamba 1943 injin ya yi aiki a Dollis Hill. Aka kwance shi aka kai Bletchley cikin Janairu, ran 5 ga Fabrairu, 1944, ya kama saƙonsa na farko. Ganin girmansa ya sa aka kira shi Colossus, kamar a ce Basamude. Jerin katangun ƙarfe ne da suka fi mutum tsayi, cike da kwalabe wajen 1,600 suna ja kamar garwashi. A gefe guda akwai wani abu mai kama da gadon ƙarfe da aka tsayar, a nan a ke ɗaura zirin saƙon, an liƙe bakinsa da wutsiyarsa ya zama zobe, yana kewayawa a guje kusan mil 30 cikin sa'a. Injin na karanta harafi 5,000 cikin daƙiƙa ɗaya. Saƙo mai harafi 5,000 ke nan sai ya kewaya sau ɗaya kowace daƙiƙa, hanyoyin nan 1,271 su ƙare cikin minti 20 da ɗan ɗoriya.

Akwai wata hikima a nan da ta isa a tsaya a kanta. Tsakiyar kowane ziri akwai jerin ƙananan huji waɗanda aka yi don haƙoran inji su riƙa kamawa suna ja, su ne kuwa ke yagewa in gudu ya yi yawa. Flowers ya bar jan takarda da haƙora, ya sa ta bisa santsin fayafayai, sa'an nan ya sa idon lantarki ya riƙa duban ƙananan hujin nan. Duk wanda ya wuce, sai injin duka ya taka taki ɗaya. Suka zama kamar makaɗin gayya, in ya yi sauri manoma su yi sauri, in ya sassauta su sassauta, ba mai riga wani. Har gobe kowace kwamfuta tana da irin wannan bugu da ke daidaita aikin cikinta. An taɓa gwada iyakar gudunsa, ya kai harafi 9,700 cikin daƙiƙa, sai takardar ta tarwatse ta watsu cikin ɗaki. Takarda ce ta gaji, kwalaben ba su ce komai ba.

Gani ya kori ji. Waɗanda suka ƙi jiya suka dawo suna neman ƙari, suna kuma so kafin 1 ga Yuni, ba su faɗi dalili ba. Na biyu ya fi na farko, bawul 2,400 gare shi, yana gwada hanya biyar a lokaci guda. Daren ƙarshe ya ƙi aiki daidai. Sauran suka tafi su ɗan runtsa, aka bar Chandler shi kaɗai, ga wani bututun ruwa ya fashe ruwa na malala ƙarƙashin ƙafarsa, shi kuwa yana tsakiyar wayoyi masu wuta. Kafin gari ya waye ya gano cutar ya gyara. Ran 1 ga Yuni, 1944, injin na aiki. Ran 6 ga wata rundunonin Ingila da Amurka da Kanada suka sauka gaɓar Normandi a Faransa. Saƙonnin Lorenz da aka karanta a watannin nan sun nuna wa shugabannin yaƙi inda Jamusawa suka jibge ƙarfinsu, sun kuma nuna cewa yaudarar da aka shirya musu, ta sa su zaci babban hari daga wajen Kale zai zo, ta kama su.

Kafin yaƙi ya ƙare Colossus 10 ke aiki, ba a kashe su dare da rana, yadda mai su ya ce. Masu juya su galibi 'yan mata ne na rundunar jiragen ruwa, fiye da 250, su ke liƙa ziri, su ke soka wayoyi, su ke murɗa makunnai. Ɗakunan na da zafi ƙwarai, har waɗansunsu kan shanya wanki a jikin injin da dare. Gaskiya kuwa, Colossus ba ya karanta saƙo shi kaɗai. Shi dai ya gano inda aka fara waɗansu fayafayan, sauran aikin sai a miƙa wa masu jin Jamusanci a wani sashe su ƙarasa da ido da fensir. Ba ya kuma ajiye umarni a cikinsa kamar kwamfutar yau, in za a sake masa aiki sai a sake wayoyi da makunnai, aikin ma ba ya wuce dangin ƙirgar da aka yi shi dominta. Wanda ya ce shi ne kwamfuta cikakkiya ya yi ƙari. Amma tambayar da ta tsare hanya a lokacin ita ce ko kwalabe dubu biyu za su iya aiki tare su ba da amsa daidai kullum, shi ne kuwa ya amsa ta.

Da aka gama yaƙi cikin 1945 sai umarni ya zo daga sama. Aka wargaza takwas, aka mai da kayan da za su yi amfani ma'ajin Gidan Waya. Biyu aka tafi da su sabuwar ma'aikatar asiri, wadda daga baya ta zauna a Cheltenham, su ma aka wargaza su wajen 1960. Dalilin hukuma ba shi da wuyar ganewa, gama wanda ya ji an iya buɗe irin kubarsa zai sake ta, ƙasashe kuwa ba su daina aiki da injunan fayafayai ba. Flowers aka ce ya hallaka duk takardun da ke hannunsa. Ya kwashi zane-zanen da ya yi da hannunsa, ya sauka ɗakin tukunyar ɗumama gini a Dollis Hill, ya zuba su cikin wuta, ya tsaya yana kallo har suka cinye. Da ya tsufa, aka sake masa baki, ya ce wannan babban kuskure ne aka yi. Amma a ranar bai ɓoye ko warƙa ɗaya ba.

An ba shi lambar girma ƙarama tun 1943, ba a faɗi ko ta mece ce ba. An kuma ba shi fam 1,000, waɗanda ba su rufe abin da ya kashe daga aljihunsa ba, duk da haka ya raba da yawa daga ciki ga mutanen da suka yi aikin tare da shi.

Abin da ya fi kuɗin ciwo yana gaba. Cikin Fabrairu 1946 aka nuna wa duniya wani inji a Amurka mai suna ENIAC, mai bawul kusan 18,000, jaridu suka ɗauka ko'ina cewa ga na farko. ENIAC aiki ne na ƙwarai, ya fi Colossus girma, ya kuma fi shi iya ayyuka iri-iri, masu shi ba su saci komai wurin kowa ba. Sai dai abin da a ke ta mamaki a kansa, watau dubban kwalabe su yi aiki tare, Flowers ya riga ya gani da idonsa shekara biyu da suka wuce. Ya nemi rance a banki don ya gina wani inji irin nasa, aka hana shi, wai irin wannan inji ba zai yi aiki ba. Amsar tana bakinsa, ya gina goma sun yi aiki, amma rantsuwa ta ɗaure shi. Ko a ma'aikatarsa, da ya ke ta roƙo a mai da ɗakunan haɗa tarho na lantarki zalla, ba shi da ikon nuna shaidar da za ta kashe gardama. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to, nasa ya ɗauki abin da ya fi tuwo nauyi.

Ba za a ce ilimin ya mutu duka ba, domin takarda aka ƙone, ba a ƙone kawunan mutane ba. Newman ya koma Jami'ar Mancesta da tabbacin abin da ya gani, a jami'ar nan kuwa cikin Yuni 1948 aka fara gudanar da umarnin da aka ajiye cikin kwamfuta. Turing ma ya tsara tasa. Malaman sun tafi da abin da suka koya, suka gina suna a kansa a fili. Wanda asirin ya danne sosai shi ne mai hannun, wanda ba shi da kujerar jami'a, ba shi da abin nunawa sai injin da aka ce ba a taɓa yinsa ba. Ya koma aikin tarho. Cikin 1957 shi da Harry Fensom, wani abokin aikinsa tun zamanin Colossus, suna cikin waɗanda suka yi ERNIE, injin da ke fid da lambobin ƙuri'a na takardun ajiyar gwamnati. Abin dariya, injinsa na farko an yi shi don ya nemo tsari a cikin abin da ya yi kama da hargitsi, na biyu kuwa don ya fid da lambobin da ba mai iya samun tsari a cikinsu. Jama'ar Ingila duka sun san ERNIE. Ya bar Gidan Waya cikin 1964, ya yi 'yan shekaru a wani kamfanin tarho, ya yi ritaya cikin 1969.

Sai cikin 1974 labarin Bletchley ya fara fitowa a littafi. Cikin 1975 hukuma ta saki waɗansu hotunan Colossus, wani malamin Jami'ar Newcastle, Brian Randell, ya bi tsofaffin ma'aikatan yana tambaya, ya karanta abin da ya samu a wani taron masana a Los Alamos ta Amurka cikin 1976. A zauren akwai waɗanda suka yi shekara 30 suna zaton sun san tarihin sana'arsu. Jami'ar Newcastle ta ba Flowers digirin girmamawa cikin 1977, yana da shekara 71. A sa'an nan iyalinsa ma suka san abin da ya hana shi kwana gida a shekarun yaƙi.

Wajen lokacin da tsohon ke zuwa aji a Hendon, wani injiniya mai suna Tony Sale ya ɗauki niyyar sake gina Colossus a Bletchley. Abin da ya samu na dogara hotuna takwas ne na zamanin yaƙi, da guntayen zane da waɗansu injiniyoyi suka ɓoye a gida bisa saɓa doka, da abin da ya rage a kawunan tsofaffi. Kaya kuwa ya tsinto da yawa daga tsofaffin ɗakunan haɗa tarho da a ke rushewa. Da kowa ya bi umarni kamar yadda Flowers ya bi, da aikin ya fi haka wuya. Ran 6 ga Yuni, 1996, aka kunna kashin farko, Flowers na wurin, yana da shekara 90. Ya rasu ran 28 ga Oktoba, 1998. Babban rahoton asiri da ya bayyana aikin injin dalla-dalla, wanda aka rubuta tun 1945, ba a sake shi ba sai cikin 2000.

An gama ginin cikin 2007, yana nan tsaye a gidan tarihin kwamfuta na Bletchley, a ɗakin da Colossus na tara ya tsaya a dā. Cikin Nuwamba na shekarar aka yi gasa. Aka rufe saƙo da ainihin injin Lorenz na zamanin yaƙi, aka aiko shi ta rediyo daga garin Paderborn na Jamus, aka ce kowa ya gwada. Wani Bajamushe mai sha'awar rediyo daga Bonn ya warware shi cikin daƙiƙa 46 da 'yar kwamfutarsa ta cinya. Colossus ya kai ga amsar daidai bayan fiye da sa'a uku. A tsakiyar aikin bawul ɗaya ya mutu, aka tsaya aka canja shi.